Kwana Biyar a Tudun Adamawa: Ziyarar Tafkunan Ngaundere

Muna so a wannan fitowa mu ba ku labarin wata tafiya da muka yi da iyali zuwa Ngaundere a babban hutun makaranta na shekarar 2023, domin wanda yake da niyyar irinta ya sami abin kamawa, wanda kuma bai taɓa tunaninta ba ya san akwai irin waɗannan wurare kusa da shi.

A gidan da muka tashi, a Garwa, tafiya iri uku aka sani: ta fatauci, ta neman karatu, da ta zumunci, wato biki ko ta'aziyya. Tafiyar da mutum zai kashe kuɗinsa don ya je ya tsaya a bakin ruwa ya yi kallo ya komo, wannan ana ɗaukarta sha'anin Nasara ne da manyan ma'aikata. Saboda haka da muka kai maganar gaban mahaifinmu a zaure bayan la'asar, sai ya daɗe yana dubanmu, sa'an nan ya ce, "Wa ya rasu a Ngaundere?" Muka ce, "Allah gafarta Malam, ba wanda ya rasu." Ya ce, "Wa ke aure?" Muka ce babu. Ya yi murmushi, ya ce, "To, ku tafi da mahaifiyarku. Ta shekara shida rabonta da ƙanwarta da ke aure can. In kun sada zumunci, sauran kwanakin naku ne, ku je ku ga abin da za ku gani." Da wannan sharaɗi aka ba mu izini.

Wata goma muka yi muna ajiye ɗan abin da ya samu kafin guzuri ya haɗu. Mu shida muka tashi: mu da uwargida, da yara uku, da Inna. Na bakwai ɗinmu yana can yana jira, wato ƙanenmu da ke karatun ilimin ƙasa da duwatsu a jami'ar Ngaundere.

Hanya

Mun bar Garwa ranar Laraba da sassafe, cikin watan Agusta, a babbar motar haya. Da muka hau gadar Binuwai sai muka ga kogin ya cika ya batse, ruwan ja wur saboda damina. Muka nuna wa yara, muka ce musu su riƙe wannan a ransu, gama inda za mu je daga can wannan ruwa yake fitowa. Babban ɗanmu, mai shekara goma sha ɗaya, ya ce shi a saninsa daga Lagdo ruwan ke zuwa. Muka gaya masa Lagdo madatsa ce kawai, wadda aka gama ginawa a 1982 don ta tare ruwan ta ba da lantarki. Asalin kogin kuwa yana can kan tudun Adamawa.

Tsakanin Garwa da Ngaundere bai kai kilomita 300 ba, amma a lokacin hanyar tana da ramuka da yawa, don haka muka wuni a kanta. Bayan an wuce Ngong sai gonakin auduga da masara su fara raguwa, daji ya fara kauri. Hanyar tana bin gefen gandun dajin Binuwai, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1968, a nan ne kuma yara suka ga gwaggon biri a karo na farko, suna zaune a bakin kwalta ba su damu da mota ba. A Mbe aka tsaya. Garin mutanen Duru ne, kuma ya yi suna wajen doya. Inna ta sauka ta yi ciniki da Fulatanci, ta sayi tsarabar da za ta kai wa ƙanwarta.

Abin da ba za mu manta ba a hanyar shi ne hawan da ake kira falez, inda ƙasa ke miƙewa tsaye tamkar bango. Mota ta riƙa bin kwana-kwana tana nishi, manyan motocin kaya suna rarrafe a gabanmu, ga rami a gefe guda. Kunnuwanmu suka toshe. Autarmu ta fara kuka tana cewa ruwa ya shiga kunnenta, sai da aka ba ta alewa ta tsotsa kafin abin ya sake ta. Da muka kai sama muka waiga, sai ga ƙasar da muka baro shimfiɗe a ƙasa, kore shar har iyakar ganin ido. Iskar da ta shigo ta taga kuwa ba irin wadda muka sani ba ce. Garwa ba ta kai mita 300 bisa teku ba, Ngaundere kuwa ta haura mita 1000, kuma duk hawan mita 1000 yana rage zafi da kimanin digiri 6. Kafin mu wuce Dang, inda jami'ar take, Inna ta riga ta ciro bargo daga jaka.

Garin cibiya

Sunan Ngaundere daga harshen Mbum ne, mutanen da suka fara zama a wurin, ma'anarsa kuwa dutsen cibiya. Duk wanda ya ɗaga kai ya ga dutsen da ke bayan gari, da wani ƙaton mulmulallen dutse zaune a bisa ƙololuwarsa, ba ya bukatar a yi masa fassara. Fulani sun zo ƙarƙashin Arɗo Njobdi wajen shekarun 1830, suka kafa sarautar da take nan har yau, a matsayin wani yanki na ƙasar Modibbo Adama, wanda daga sunansa aka sami Adamawa. Jamusawa suka ci garin a 1901. A 1974 hanyar jirgin ƙasa ta iso daga Yawunde, tazarar fiye da kilomita 600, kuma a nan ta tsaya. Shi ya sa duk kayan da za su arewa ko Chadi a nan ake sauke su a ɗora wa manyan motoci.

Hausawa sun daɗe a garin, sun zo da fataucin goro da tufafi da sana'ar fawa, har akwai unguwa mai sunansu. A can ƙanwar Inna take. Ba za mu iya kwatanta haɗuwar 'yan'uwan nan biyu ba. Sun rungume juna a tsakar gida suna kuka suna dariya, har sai da maigidan ya ce a bar baƙi su sha ruwa tukuna. Aka kawo mana kindirmo mai kauri da zuma, waɗanda duka biyu ƙasar ta shahara da su, gama ƙasar shanun gudali ce, kuma da wuya ka yi tafiya a bayan gari ba ka ga amya a rataye a kan itace ba. Daren nan ruwa ya kwana yana zuba. Mu da muka saba kwana da fanka, sai ga mu muna rabon barguna.

Tafkin Tizon

Ranar Alhamis da hantsi ƙanenmu ya zo da motar wani maƙwabci da muka yi yarjejeniya da shi, muka nufi kudu ta hanyar Meiganga. Kimanin kilomita 10 daga gari aka karkata aka bi jar hanya, aka hau wani tudu. Babu abin da ke nuna akwai ruwa a kusa. Sai da muka sauka muka taka 'yan taku kaɗan, sa'an nan ƙasa ta buɗe a gabanmu: wani rami zagayayye kamar ƙwarya, gefensa lulluɓe da itatuwa, a can ƙasansa ruwa kwance, kore mai duhu, ko motsi ba ya yi. Babu kogin da ke shiga, babu wanda ke fita. Yara da suka cika mota da surutu suka yi tsit.

Ƙanenmu ya yi mana bayani. Ya ce dubban shekaru da suka wuce narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya haɗu da ruwan da ke cikinta, sai wurin ya fashe da ƙarfi, ya bar wannan rami, daga baya ruwan sama da na ƙasa suka cika shi. Faɗinsa bai wuce hekta 8 ba, amma zurfinsa ya kusa mita 50. Ya ce irin waɗannan tafkuna suna jere ne a kan layi guda na duwatsu masu aman wuta, wanda ya faro daga tsibiran da ke cikin teku, ya biyo ta Dutsen Kamaru wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ya ratsa tuddan yamma, ya iso Adamawa, wani reshensa kuma ya kai Biu a Nijeriya, inda tafkin Tila yake. Wani dattijo da muka tarar a wurin ya ƙara da cewa ruwan yana sauya launi, wani lokaci kore, wani lokaci ya yi duhu ko ja-ja.

Muna cikin sauraro sai uwargida ta taɓa mu, ta nuna mana Inna. Ashe tun da ta leƙa sau ɗaya ta ja da baya, ta zauna a kan wani dutse, ta juya wa tafkin baya. Muka matsa muka durƙusa, muka ce, "Inna, lafiya? Ko hawan ne ya gajiyar da ke?" Ba ta amsa mana ba, da ma ba ta cika yi wa ɗan fari magana kai tsaye ba. Ƙanwarta ta duba, ta ce, "Irinsa ne. Haka suka ce yake, kamar ƙwarya a cikin dutse." Sai ƙanwar tata ita ma ta zauna, ta rufe fuska da mayafi.

Mun taso da sanin muna da wani kawu da ya rasu a kudu kafin a haife mu, ana sa shi cikin addu'a duk azumi, amma ba wanda ya taɓa gaya mana yadda ya rasu, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba. A bakin tafkin Tizon muka ji. Yayansu ne, mai fataucin shanu, yana zuwa ƙasar Wum yana saye daga hannun makiyaya. A watan Agusta na 1986, Inna tana amarya, ya tafi can kamar yadda ya saba. Suka ji a rediyo wai wani tafki ya kashe mutane, ba su kawo kome a ransu ba, don ba su san sunan wurin ba. Bayan kwanaki wani abokin fataucinsa ya zo da labari: ya kwana a rugar da ke cikin kwari, kuma a rugar nan ba wanda ya tashi, har shanu da kaji. An binne su a rami guda. Inna ta ce, "Ko kabarinsa ba mu sani ba. A irin wannan watan ne, ranar ma Alhamis."

Wannan shi ne bala'in tafkin Nyos, a lardin Arewa maso Yamma, wanda ya auku ranar 21 ga Agusta 1986 da dare, ya halaka mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500. Mun karanta shi a makaranta, mun rubuta shi a jarrabawa, ba mu san ya shiga gidanmu ba. Shekara biyu kafin nan, a Agustan 1984, tafkin Monun da ke kusa da Fumbot ya yi irin haka ya kashe mutum 37.

Ƙanenmu ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ya yi mata bayani a hankali. Ya ce a ƙarƙashin Nyos akwai wata iska da ke fitowa daga cikin ƙasa tana narkewa a ruwan da ke can ƙasa, irin iskar da ke cikin kwalbar lemo. Tafkin yana da zurfin kimanin mita 200, nauyin ruwan sama ya danne na ƙasa kamar yadda murfi ke danne kwalba, iskar tana taruwa shekara da shekaru. Ranar da wani abu ya motsa ruwan, sai ta fito gaba ɗaya. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ba ta da launi, don haka ta gangara cikin kwaruruka kamar ruwa, ta tarar da mutane suna barci. Ya ce bayan wannan masana sun bi tafkunan ƙasar nan suna aunawa, kuma waɗanda aka samu sun tara iskar har ta zama haɗari su ne Nyos da Monun. A duk duniya na ukunsu shi ne tafkin Kibu, tsakanin Ruwanda da Kwango. An kafa bututu a Nyos a 2001, a Monun a 2003, aka ƙara wasu a Nyos a 2011, suna fitar da iskar kaɗan-kaɗan. "Inna, wannan da kike gani ba ya cikinsu," in ji shi.

Ta saurare shi har ya gama, sa'an nan ta ce, "Na ji. Allah ya yi maka albarka. Amma ni ba zan sauka ba." Ba mu matsa mata ba, gama wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Muka bar ta da ƙanwarta a ƙarƙashin itace, muka gangara da yara rabin hanya, kowa riƙe da hannun wani saboda santsi. Daga nan muka tsaya muka yi kallo. Gaskiya wurin yana da kyau ƙwarai, amma zuciyarmu tana sama wurin Inna, kuma mun yi ta tambayar kanmu ko mun kyauta da muka kawo ta.

Ranar Juma'a

Washegari muka bar maganar tafki, muka ba gari haƙƙinsa. Da safe muka shiga fadar Lamiɗo, inda ake karɓar baƙi a zagaya da su. Zaurukan suna da manyan jinkaye na ciyawa masu saukowa kusan har ƙasa, a ciki kuwa ga ginshiƙan ƙasa da aka yi wa zane da launuka. Da lokacin salla ya yi muka tsaya a bakin hanya muka ga fitowar Lamiɗo zuwa masallaci, da dogarai cikin jajayen kaya, da mahaya, da masu algaita da kakaki. Yaran sun saba ganin hawa a Garwa, amma ranar salla. Nan kuwa abin kowace Juma'a ne.

Bayan an sauko muka tafi magangarar ruwan Bina, wadda take kudu da gari, ba nisa da hanyar Tizon. Tun daga nesa ake jin rugugi. Kogin yana tafe a shimfiɗe, sai kawai ya faɗa daga kan baƙin dutse zuwa ƙasa, feshin ruwa yana tashi kamar hayaƙi. A nan ne ƙanenmu ya cika wa babban ɗanmu alkawarin da muka yi masa a kan gada. Ya tsinci kara ya zana masa a ƙasa yadda tudun Adamawa yake raba ruwa: wanda ya gangara kudu, kamar wannan, yana shiga Jerem, daga nan Sanaga, har teku, wanda ya gangara arewa yana zama Binuwai, ya wuce Garwa da Yola ya haɗu da Kwara a Lakwaja, wani kuma yana bi ta Logon ya ƙare a tafkin Chadi. Shi ya sa ake ce wa Adamawa rumbun ruwan Kamaru. Yaron ya daɗe yana duban zanen, sa'an nan ya ce ashe ruwan sama guda ne, inda ya faɗi ne ke raba masa hanya. Inna ta zo wannan wuri ba tare da gardama ba, har ta tsaya aka ɗauke ta hoto. Ta ce ruwan da ke gudu yana ƙara ba ya ba ta tsoro.

Da yamma muka bi ta kasuwa muka sayi kilishi da zuma da piya. Wanda zai sayi zuma ya tafi da ɗan gari, don ba kowace kwalba ce ke ɗauke da abin da aka ce tana ɗauke da shi ba.

Tello da Mbalang

Ranar Asabar muka yi kuskuren da ya kamata mu faɗa, don kada wani ya maimaita. Mun ƙudura sai mun ga magangarar Tello, wadda take gabas, kimanin kilomita 50 ta hanyar Belel, inda ruwa ke zubowa daga tsayin fiye da mita 40, kuma akwai kogo a bayansa da mutum zai shiga ya tsaya yana kallon ruwan ta ciki. Mai motar ya gaya mana tun da safe cewa ruwan da aka kwana ana yi ya ɓata hanya, ƙaramar mota ba za ta kai ba. Muka ce mun zo daga nesa, a gwada. Ba mu yi rabin hanya ba motar ta nutse cikin jar laka har gindi. Muka fi awa biyu a wurin, sai da samarin wani ƙauye suka zo da itace da fartanya suka ciro mu, kowa ya yi buɗu-buɗu da taɓo. Mai motar bai ce mana kome ba, shirunsa kuwa ya fi faɗa zafi. Muka ba shi haƙuri, muka sallami samarin, muka juya. Tello sai wani jiƙon, in da rai.

Da yake rana ba ta yi nisa ba, ƙanenmu ya ba da shawara a karkata zuwa tafkin Mbalang. Muka dubi Inna. Ta ce, "Ku je mana, ni na hana ku?" Mbalang ya fi Tizon girma nesa, ya kai hekta 50, zurfinsa kuma ya ɗan haura mita 50. Asalinsu ɗaya, amma shi a buɗe yake, ana isa bakinsa ba tare da gangara mai tsanani ba, ga tuddai kore kewaye da shi, ga shanu suna kiwo. Ƙanenmu ya ce masana sun taɓa haƙo laka daga ƙasan wannan tafki, suka sami ƙurar furannin itatuwa da ta kwanta a jere shekaru dubbai, daga nan suka gane cewa a da kurmi ya fi haka kauri a wannan ƙasa kafin ciyawa ta yi rinjaye.

Azahar ta same mu a wurin. Muna neman inda za mu shimfiɗa tabarma sai muka ji Inna ta kira babban ɗanmu da sunan wasan da take kiransa, ta ce, "Maigida, ɗauki butar nan ka ɗebo mini." Akwai ruwa a jarka cikin mota, kuma ta sani. Yaron ya dube mu, muka ɗaga masa kai, baffansa ya riƙe masa hannu suka je baki-baki suka ɗebo. Ta zauna ta yi alwala da shi a tsanake. Bayan mun idar da salla ta daɗe zaune hannuwanta a sama, ƙanwarta a gefenta, wannan karon fuskarta tana wajen ruwan. Ba mu ji abin da take faɗa ba, amma mun san wanda take yi wa. Da ta shafa sai ta ce, "Ruwan nan da sanyi yake." Can kuma ta ƙara da cewa, "Amma kada wanda ya shiga." Ba wanda ya shiga.

Ga mai niyyar zuwa

Wanda ke son ganin ƙasar a korenta, da magangarun ruwa a cike, ya zo da damina, amma ya sani jajayen hanyoyi suna ɓaci, kuma ruwa ya fi sauka da yamma, don haka a fita da wuri a dawo da wuri. Wanda ke son kaiwa wurare masu nisa irin Tello, ya bari sai ruwa ya ɗauke, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya kuma yi shirin sanyin dare. Kowane lokaci aka zo, a taho da rigunan sanyi na yara da takalma masu kama ƙasa.

Kada a yi wanka a waɗannan tafkuna. Ba kamar bakin Binuwai ba ne inda yashi ke gangarawa a hankali. Taku kaɗan daga baki ƙasa take yankewa, kuma babu mai ceto a kusa. Kada a saki hannun yaro. A tafi da abinci da ruwan sha, gama ba a samun na sayarwa a kowane wuri, kuma a dawo da leda da kwalabe. Mun ga shara a bakin Tizon wadda ba ta dace da wurin ba. A ji maganar direba da ta 'yan gari. A shekarun baya karkarar Adamawa ta sha fama da masu sace makiyaya don neman fansa, saboda haka a tambayi masu masauki halin da hanya take ciki kafin a yi nisa, kuma kada dare ya yi wa mutum a daji. Mai dangi a garin ya sauka wurinsu, ya riƙa musu abin cefane. Ya rage kashe kuɗi, ya kuma sada zumunci. 'Yan'uwanmu na Yawunde da Duwala suna iya zuwa ta jirgin ƙasa mai tafiyar dare.

Shawara ta ƙarshe, wadda ba mu san da ita ba sai da muka je: in za a yi irin wannan tafiya, a tafi da tsofaffi, kada a bar su gadin gida. Akwai maganar da ba ta fitowa a tsakar gida, inda kowa ke cikin hidimarsa. Mun shekara talatin da 'yan kai tare da mahaifiyarmu ba mu san abin da take ɗauke da shi ba.

Ranar Lahadi muka gangaro falez, zafi ya tare mu tun kafin Mbe, yara suka tuɓe rigunan sanyi. Da daddare muka shiga zaure muka gaida Malam, muka ajiye masa zumarsa. Ya tambayi hanya da mutanen gida, sa'an nan ya ce, "To, me kuka gani?" Muka ba shi labarin duwatsu da ruwa, har muka zo kan abin da ya faru a Tizon. Ya yi shiru, ya ce shi ne ya kai mata labarin rasuwar a wancan lokaci, kuma tun daga ranar ba ta sake ɗaga maganar ba. Sai ya ce, "In za ku koma, ku gaya mini da wuri."

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na Nyos da na Monun da sauran wurare, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.